Yashin Itapuã da Shanun da Ba Su Zo Ba

Ɗanjuma ya cuce ni, kuma ina so maganar ta zauna a rubuce. Da bakinsa ya ce zai jira ni da shanunsa biyu a Rio Vermelho, inda yashi yake farawa, su ja mana keke. Ya san abin da na ɗauko. Baba Iro na Itapuã yana kan gargara, ya aiko kada a bari limamin coci ya binne shi. Malam Sule kaɗai ya rage a Bahiya wanda ya iya wankan gawa da sallarta, ga tsufa, ga ciwon ƙafa. Shi zan kai Itapuã.

Talata

Mun bar unguwar Água de Meninos ƙararrawar coci na buga biyar, da keken dakona mai ƙafa huɗu da alfadarai biyu. A bakin bariki soja ya jujjuya takardar 'yancina daga bauta, ya tambayi ina zan kai tsoho. Na ce wurin mai magani. Malam ya danne carbinsa da cinya.

Ƙarfe tara muna Rio Vermelho. Ba Ɗanjuma, ba shanu. Muka zauna har azahar, sai wata Bayarabiya mai suyar ƙosai ta ce ai tun jiya shanun suna birni, suna jan kayan bikin coci.

Na kora alfadarai haka nan. Ƙafar kekena siririya ce mai bakin ƙarfe, ta dutsen birni, yashi kuwa yanka shi take ta nutse. Ba mu yi nisa ba muka kafe. Malam ya ce mu koma, Allah ya ga niyya. Na ce, "Allah gafarta Malam, niyya ba ta wanke gawa." Na sari ganyen kwakwa na shimfiɗa gaban ƙafafun, mu yi taku goma, in kwaso na baya in mayar gaba. Da magariba ƙauyen Pituba kawai muka wuce. Muka yada zango gefen hanya, ƙarƙashin keken, muka ci garin rogo da busasshen nama. Wani masunci ya dubi tafin hannuna ya yi dariya, ya ce in jira teku ta janye, jiƙaƙƙen yashin bakin ruwa daɓe ne.

Laraba

Gaskiyar masuncin. Da asuba ruwa ya ja baya, keke ya riƙa gudu. A bakin wani kogi na goya Malam na haye, na dawo na ja dabbobi. Da hantsi muka isa. Baba Iro ba baki, amma da Malam ya laƙƙana masa shahada ya ɗaga yatsa. La'asar ya cika. Malam ya wanke shi, mu huɗu muka sallace shi, har da tsofaffi biyu na wurin, muka kwantar da shi bayan tudun yashi, fuskarsa wajen teku, inda alƙibla take.

Juma'a

Mun iso gida da alfadari ɗaya yana ɗingishi. Alhamdu lillahi. Na sami Ɗanjuma a dandalin fadar gwamna, ya fara cewa mutanen coci ne suka roƙa, a cikinsu yake zaune, ba ya iya hana su. Na ce masa:

"Mu tara muka rage masu sallah a garin nan, kai ne na tara. Ranar da taka ta zo zan je, ko a ƙafa ne, in tsaya a wanke ka. Kafin ranar, kada ka ƙara yi mini sallama."