Daɓen da Inna Kulu ta yi wa gidan tarihi

Shekara arba'in Inna Kulu tana daɓe ɗakunan mutane tsakanin Danchadi da Mandera, kuma ba a taɓa kiran ta domin gyaran aikin da ta gama ba. A wajen kakarta ta koyi jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake ƙarfafa daɓe da ruwansa, da riƙon madaɓi. Ba ta yi boko ba, amma da tafin ƙafa take gane daɓen da zai fashe.

Da aka yanke shawarar mayar da tsohon gidan sarautar ƙauyenmu gidan adana kayan tarihi, sai aka turo Dakta Bilyaminu, masanin tono kayan mutanen dā. Rani uku yana haƙa a bayan gidan. Kowane guntun tukunya ya samu sai ya sa a leda, tare da takardar da ke nuna ramin da ya fito da zurfinsa, domin da wannan ake sanin zamaninsa. Ya jera ledojin a zaure. Da buɗe gidan ya matso, ya ce a kira Inna Kulu ta daɓe zauren irin na dā, shi kuma ya tafi Sakkwato na kwana huɗu.

A gidansu Inna Kulu, daɓen manya da tsingaro ake yin sa, wato fasassun tukwane. Da ta ga ledoji ɗari biyu cike da shi, sai ta yaba da hankalin mai aikin. Ta zazzage su wuri guda, ta ƙara farfasa manyan, ta share takardun ta ƙone.

Ina wurin ranar da ya dawo. Ya tsaya a bakin zauren, jakarsa ta suɓuce ta faɗi.

"Inna, ina kayan da ke nan?"

"Ga su ƙarƙashin ƙahwarka, ɗana. Ko guda ban ɓarnatar ba."

"Takardun fa?"

"Wanga tarkace? Na sa mai wuta."

Ya durƙusa yana shafa daɓen. Ni na yi mata bayani, har sau biyu. Ta kama haɓa.

"Malam, rani ukku? A kan hwasassar tukunya? To mi ya hana a gaya mani?"

Dakta ya ce laifinsa ne, ya maimaita a gaban jama'a. Ba ta karɓa ba, ta ɗora wa kanta laifin. Washegari ta aika wa ƙanwarta Safiyya da madaɓinta, kuma tun daga ranar ba ta sake karɓar aikin kowa ba.