Ƙanƙarar Mangwaron da Ta Ƙi Daskarewa

Shekarar da na gama sakandare, firiza ɗaya ce tak a ƙauyenmu, ta Hajiya, matar yayan babana. Mai sola ce, rana na yin sanyi ita ma ƙarfinta ya ja baya. Mu biyar muke saka ƙanƙarar sayarwa a ciki, ban da ita Hajiyar, kowa da kwandonta. Sauran huɗun zoɓo suke yi tsararo, ruwa ne kawai aka nuna masa ja. Ni kuwa mangwaron lambunan Watari nake matsewa da kauri, in zuba sukari ba ƙwauro.

Da hantsi in an buɗe firiza, nasu ya yi tauri kamar dutse, nawa kuwa luɓus, kina taɓa leda ta lotsa. Kwana uku a jere haka.

Ran na huɗu Hajiya ta kira Innata, ina tsaye a wurin kamar turmi.

"'Yarki hannunta zafi ne da shi, irin mai tsinka kunu. Ta kwashe kwandonta, akwai masu jiran wuri."

Inna ta sunkuyar da kai, ta hau ba da haƙuri. Haƙurin nan shi ya ƙona min rai. A garinmu in aka ce hannunki na tsinka abu, shi ke nan, ko gidan biki ba a barinki kusa da tukunya.

Na ce, "Hajiya, wallahi ba hannuna ba ne, sukari ne."

"Ji min yarinya! Sukarin ne ya hana sanyi aikinsa?"

"Shi ne. An koya mana a makaranta, duk ruwan da aka narkar da wani abu a ciki, sukari ko gishiri, sai sanyi ya ƙara ƙarfi kafin ya daskare. Mangwaro da zaƙinsa ya zo, ni kuma na ƙara masa."

"To sannu, Malama. Mu da ba mu yi boko ba, ai namu ke daskarewa."

Inna ta mintsine ni, ban fasa ba. Na miƙa wa Hajiya leda, na ce ta zuba mangwarona da hannunta ta ƙulle. Ni kuma na ƙulla ruwan randa zalla da nawa hannun. Aka ajiye su kusa da juna.

Washegari matan nan huɗu suka riga ni zuwa. Ledata ta ruwa ta daskare, sai ka fasa goshi da ita. Hajiya ta latsa tata, yatsa ya nutse. Wata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Hajiya ta ce, "To ai sai ki ƙara ruwa kamar kowa."

"Ba zan ƙara ba. Mai son ruwa ga rijiya can. Can ƙasa nake so, jikin bango inda sanyi ya fi, a bar min shi kwana biyu."

"Ƙasan nawa ne, mara kunya."

Ta daɗe tana hararata. Can ta sunkuya ta ɗago nata kwandon da kanta.

"In ya ƙi, waje."

Kwana biyu ya daskare. Wurin nan na ƙasa ni ke da shi har yau. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban zauna jira ba.