Kunnuwan Mai Jan Ƙarfe

A layinsu ba wanda yake buƙatar agogo da safe. Da ka ji ƙwanƙwasa ta tashi daga shagon da ke jikin gida mai koriyar ƙofa, ka san Mai Jan Ƙarfe ya zauna, kai ma sai ka nemi takalminka. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji. Daga baya ma, ranar da bai buga ba, aikowa suke yi a ji ko lafiya.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, wani tsoho mai gyaran tukwane da butoci wanda bai san lallashi ba ko a mafarki. Da kayan roba suka cika kasuwa, gyaran tukwane ya mutu murus, abokan aikinsa suka watse, wasu tuƙi, wasu gadi. Shi kuwa taurin kai ya hana shi sakin guduma. Sai ya koma fitar da zane a jikin fallen jan ƙarfe: dawakai, tsuntsaye, jirgin ruwa, duk abin da masu otal da masu manyan falo suke so su rataya a bango.

Aikin ta baya ake yin sa. Zai kwantar da fallen a kan kwalta mai ɗumi, ya riƙa bin zanen da ƙananan kurafe, ƙarafa masu siririn baki, yana ƙwanƙwasa su da guduma, sai ya juya shi ka ga reshe ya taso, ka ga fiffike kamar ka hura ya motsa. Amma jan ƙarfe yana da zuciya. Kana bugunsa yana ƙara tauri, in ka wuce iyaka ya tsage, kuma tsagar ba ta da magani. Kafin a kai nan dole a mai da shi wuta har ya yi ja, a tsoma a ruwa, a goge da lemon tsami da gishiri, sannan ya huce ya yarda a ci gaba. Ido ba ya ganin lokacin. Kunne ne ke ji: ƙarfe mai laushi yana amsawa tim, tim, wanda ya gaji kuwa sai muryarsa ta sirance ta koma ƙal, ƙal. Da kunne kawunsa ya koya masa, da kunnen ya ci abinci har ya yi furfura.

To, gudumar da ta ciyar da shi ita ta cinye kunnen. A hankali abin ya zo. Ya fara da zargin rediyo, ya ce masu labarai na yanzu ba sa buɗe baki. Sannan ya koma kan masu sayar masa da ƙarfe, ya ce ha'inci ya yi yawa, don faranti biyu sun tsage masa a jere. Hannun da zai taimake shi kuwa ya yi kanta, yatsun sun daɗe da yin sanyi.

Matarsa ɗinki take yi a ɗakin da ke kallon shagon, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Tela yake kiranta tun suna amarci, ita kuma ba ta taɓa rasa abin tsokanarsa ba. Tana sane da abin da yake ɓoyewa, amma ta san halin mijinta: ka ce masa ya kurumce, gara ka mare shi. Wata rana da hantsi yana tsakiyar bugu, sai ga kwarkwaron zare na katako, wanda zarensa ya ƙare, ya gangaro ta ƙofa ya bugi ƙafarsa.

Ya leƙa. “Tela, lafiya kike jifana?”

Ta ɗaga murya ba ta ko daina taka keke ba. “Maigida, ƙarfenka kuka yake yi. Kai shi wuta, ya ishe ni.”

“Ke kuma yaushe kika zama maƙeriya?”

“Tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake shan karatun, ko biyan kuɗin makaranta ban yi ba.”

Ya yi tsaki, ya yi gunaguni, amma ya kai shi wuta. Farantin bai tsage ba. Daga ranar ba wanda ya sake ta da maganar. Ta ajiye kwando kusa da keke tana tara kwarkwaro, har matan layi suna kawo mata nasu ba su san na mene ne ba. Shi yana bugu, ita tana ɗinki da kunne ɗaya a shago. Da muryar ƙarfe ta sauya, sai kwarkwaro ya gangaro. Da yamma ya tsince su ya mai da kwando, yana cewa ta cika masa shago da shara. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, ana yabon hannunsa a gari, ba wanda ya san rabin aikin a ɗaya ɗakin ake yin sa.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa. Ba ta son dawakan masu otal. Cewa ta yi ya buga mata igiyar shanya da kayan yara a kai, iska tana kaɗa su, da mayafinta a can ƙarshe, kamar yadda tsakar gidan yake a lokacin, 'ya'yansu suna ƙanana. Da hannunta ta kafa ƙusa a bangon da ke saman kekenta. Ya ce bari ya gama na mutane. Na mutane kuwa ba ya ƙarewa. Yaran suka girma suka watse, aka sake wa ɗakin fenti har sau nawa, mai fenti yana zagaye ƙusar. Duk baƙon da ya tambaya sai ta ce, “Wurin hoton da maigida yake buga mini ne. Yana hanya, ƙafa ce ba shi da ita.”

Sai da ciwo ya kwantar da ita, likita ya ja shi gefe ya yi masa magana a rubuce don ya tabbata ya fahimta, sannan ya tuna alkawari kaya ne. Ya mai da aikin kowa gefe, ya zaɓi falle mafi kyau. Tela ta sa autarsu, wadda take zuwa jinya daga gidan mijinta, ta jawo gadon kusa da ƙofa, ta ɗora mata kwandon a gefen matashi. Yana bugu tana saurare ido a rufe. Da farko kwarkwaron yana isa ƙafarsa. Daga baya a bakin ƙofa yake tsayawa, sai ya juya kujerarsa yadda zai riƙa ganin dokin ƙofar. 'Yan riguna suka taso ɗaya bayan ɗaya, da ɗan wando mai faci a gwiwa wanda ta ce lallai a saka. Ya kai mata ta shafa, ta ce hannun rigar nan ya fi wancan tsawo, da ita ta ɗinka da an dawo mata da shi.

Saura mayafin kawai ya rage, sai Allah ya karɓi abarsa.

Layin ya yi shiru na tsawon lokaci, kuma wannan karon ba wanda ya aiko tambaya. Ya rame, ya daina faɗa, abin da ya fi tsorata 'ya'yansa ke nan. Yakan zauna a shago ya zuba wa farantin ido, har ƙarfen ya fara duhu. Baƙin ciki ya ci shi, da nadama, don ya san ba lokaci ne ya rasa ba.

Wata safiya ya ɗumama kwalta, ya kwantar da fallen, ya ɗauki guduma. Hannu ya tuna hanya. Mayafin ya fara tasowa, gefensa ya kumbura da iska, kuma can cikin aikin zuciyarsa ta yi sauƙi irin wanda ya manta da shi. Yana bugu, wutsiyar idonsa tana kan dokin ƙofa, yadda ya saba. Ba abin da ya gangaro, don haka ya ci gaba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma wanda ya ga tsohon nan ranar ba zai iya kiransa wawa ba.

Auta tana shan kwanar layin da kwanon abincinsa ta ji. A cikin ƙarar nan aka haife ta, ba ta buƙatar a gaya mata. Ƙal, ƙal, ƙal. Ta sa gudu tana kiran “Baba! Baba, tsaya!” kamar zai ji. Kafin ta kai koriyar ƙofa bugun ya tsaya da kansa.

Ta same shi riƙe da farantin. Tsagar ta bi igiyar shanyar tun daga mayafin har tsakiyar rigunan, hasken taga yana fitowa ta ciki. Bai dubi 'yarsa ba. Ƙasa yake dubawa, wajen ƙafarsa, da ƙarƙashin kujera, da bakin ƙofa.

“Uwarki ba ta jefo ba,” ya ce.

Auta ta durƙusa ta rufe bakinta da mayafi. Shi kuwa ya goge farantin da lemon tsami da gishiri har ya yi ja, ya huda shi a sama, ya shiga ɗakin Tela ya rataya shi a ƙusarta yadda yake, da tsagarsa. Ya matsa baya ya gyara masa zama. Kwandon yana nan a gefen gado, cike har baki.