Dardumar da Inna Ta Shayar

Mu biyu ne muke jiransa, kuma a cikinmu ba mai iya faɗin sunansa. Ni mijina ne, bakina bai isa ba. Inna kuwa ɗanta ne na fari, kunya ta ɗaure mata harshe tun ran da ta haife shi. Sai muka riƙa ce masa "mai tafiya". Lallen aurena bai gama fita daga ƙafata ba annasara suka ɗebe shi soja, aka zuba su a mota a Dogon Dutsi, aka yi yamma da su, wai za su tsallaka teku su yi wani yaƙi da ba mu san mafarinsa ba. Aka bar ni da tsohuwa a ƙauyenmu, can kusa da Kore Mairuwa, muna kallon juna.

Bayan an yi 'yan damuna, wani soja da aka sallamo da hannu guda ya yi mana sallama, ɗauke da wani abu nannaɗe a kafaɗa. Ya ce saƙo ne daga mai tafiya. A ƙasar Larabawa ya saye ta, ya ce a ajiye masa, ran da ya komo a kanta zai zauna ya sha furar gida.

Muka warware ta a tsakar gida. Kai, jama'a! Mu da muka saba da tabarmar kaba da buzun akuya, sai ga darduma. Janta kamar na karan dafi, shuɗinta ya fi na marina zurfi, gashinta kuma in ka ɗora tafi sai ya nutse. Zanen lambu ne a jikinta, da katanga ta zagaye shi ta ko'ina, da ruwa ya ratsa tsakiya, da itatuwan da ba gawo ba ne, ba giginya ba, da wasu 'yan tsuntsaye masu dogon wuya. Maƙwabta suka cika gidan. Wata tsohuwa ta ce a rufe ta haka nan, kada baki ya kama ta. Inna ta naɗe abarta, ta ɗaure da igiya, ta kai ɗakinta ta jingine ta a bango, tsaye, kamar mutum ya shigo gaisuwa bai sami wurin zama ba.

Ni a gidan salla na tashi, cikin gari. Inna kuwa ba ta saki hanyar kakanninta ba. Tana da doguwar gida, iskar da ta ce ita ke tsaron zuriyarsu, kuma mazauninta nan ne jikin bangon ɗaki, daga bayan randa. Can ta kai dardumar da gangan, ta damƙa wa doguwa amana. Kowace safiya sai ta dama ɗan garin gero da ruwa a ludayi, ta durƙusa, ta tsiyaye a ƙasa gindin dardumar, tana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Abin da nake tsinta kullum ɗaya ne: "Ki tsare min wagga, ki tsare min mai ita." A wurin Inna su biyun ba su rabu ba. In darduma na lafiya, yana lafiya.

Ba ta ƙara yarda an buɗe ta ba. Sai ni na riƙa buɗe ta a zuci. Da rana tsaka, in zafi ya kwantar da kaji da awaki, nakan shiga ɗakin Inna da mazarina, don ɗakinta ya fi nawa sanyi. Ina kaɗi, mazari na juyawa, idona na kan naɗin nan, sai in ga igiyar ta kwance da kanta. In ga lambun ya bazu har ya wuce bango, ya wuce danga, ya gangara fadama. Ruwan tsakiyar yana tafiya a hankali ba ƙara. Can ƙarshensa wani mutum na zaune ya ba ni baya, yana wanke ƙafa, ni kuma ina ta tafiya wajensa bisa gashi mai laushi, ba na isa. Wani lokaci tsuntsayen su tashi su bi ta kaina su nufi Dogon Dutsi. Sai zare ya tsinke, in farga. Na yi kewar mutumin nan, wallahi, har fuskarsa ta fara ɓace mini, bayansa kawai nake iya gani.

Akwai wani wari da nakan ji a ɗakin, irin na gindin rumbu bayan ruwa ya ɗauke. Na taɓa faɗa mata. Ta ce, "Ke dai hancinki ya cika tsegumi." Na ce a raina, to, tsohuwa, ke da doguwarki.

Wata kaka, ana cikin yankan gero, labari ya zo ta bakin wani da ya dawo: ya baro mai tafiya a bakin teku yana jiran jirgi, kafin sanyi ya fita zai iso. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Washegari ta ce in kama mata mu fitar da darduma ta sha iska. Muka shimfiɗa ta. Lambu na nan yadda muka bar shi, ko launi bai koɗe ba. Na kama gefe guda zan ja in daidaita ta, sai na ji ƙararas, kamar an taka busasshen kara. Na duba hannuna, ga guntun katangar lambu a ciki, gari-gari na zuba ta tsakanin yatsuna.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Shi ke nan. Ya mutu."

Na ce, "Haba Inna, wane irin baki ne wannan? Jiya-jiya aka ce an gan shi!"

Ta ce, "An gane shi can. Ni nan aka gwada min."

Daga nan ta daina cin abinci. Ko fura na kai mata sai ta kau da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga tsoro kuma, don ni ma da nake taƙamar ban yarda da doguwa ba, na fara tunanin ko gaskiyarta ce. Idan mutumin nan ya iso ya tarar da uwarsa a kabari saboda shimfiɗa, me zan ce masa? Ran kasuwar Kore Mairuwa na ɗaura zane na tafi neman kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon masaƙi wanda ya bi fatake har arewa a ƙuruciyarsa ya ga irin waɗannan kaya.

Kawu ya zo a kan jakinsa yana tsokanata, wai na yi auren soja na koma mai gadin tabarma. Ya gaida Inna, ba ta amsa da kyau ba. Ya tsuguna ya kife dardumar, bayanta ya dubi sama. Ya shinshina. Ya duba ko akwai hanyar gara, babu. Ya kakkaɓe ko asu zai tashi, babu. Ya nuna mana zaren audugar da ke baya, ya ce shi ne ƙashin darduma, gashin da muke sha'awa a kansa aka ƙuƙƙulla shi. Ya ce, "Wagga ruɓa ce, amma busasshiya. Fuska ba ta nuna ta. Sai an lanƙwasa an saurara."

Ya lanƙwasa gefen da ya karye kusa da kunnensa, muka ji ƙas-ƙas-ƙas, zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi Inna ya ce, "Inna, kunnena ya tsufa. Zo ki jiye min."

Ƙarya yake yi, Kawu ko ɓera ya yi tari a rumbu yana ji. Amma ta taso. Ya nuna mata yadda za ta kama da hannu biyu, ta lanƙwasa a hankali, ta kara kunne. Ta ji ƙas-ƙas. Ya ce ta matsa ciki kaɗan. Ƙas-ƙas. Ta ƙara matsawa, ƙarar ta ragu. Ta ƙara, sai shiru, dardumar ta lanƙwasu lumui kamar fatar da aka jeme. Ta sake gwadawa, shiru.

Kawu ya ce, "Nan tana da rai. Ɗiyata, ba ta gawayi ta sa alama."

Haka Inna ta bi tsawon dardumar da gwiwa, tana lanƙwasawa, tana saurare, tana ɗiga gawayi. Da ta gama sai ga layi ya fito miƙe, daga wannan kai zuwa wancan, kusan kamu guda daga gefe. Gefen nan kuwa shi ne wanda ya tsaya a ƙasa shekara da shekaru. Sauran duk lafiya lau.

Ta daɗe tana kallon layin. Ta ce, "Mi ya kawo shi?"

Kawu ya ce, "Ruwa. Ba mai yawa ba. Wanda ka shiga ya bushe, ya shiga ya bushe. Hunhuna ta samu gida cikin zaren, ta cinye ƙarfinai, ta bar shi tsaye awa mai lafiya."

Na buɗe baki zan ce ruwan geron da take tsiyayewa ne, Kawu ya harare ni, na fasa. Inna da kanta ta ce, "Ashe ni na shayar da ita."

Ya ce, "Doguwa ta sha nata, darduma ta sha saura. Ba wani saƙo ciki, Inna. Laima ce."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ta fi kama da kuka, ta ce in kawo mata furar nan.

Zaren da ya ruɓe ba ya warkewa, in ji Kawu, sai dai a raba shi da mai lafiya. Inna ta ce ba mai yanka ta sai ita. Ta bi layin gawayi da wuƙar Kawu. Muka goge bayan da busasshen tsumma, muka bar ta a inuwar gawo iska na ratsa ta, don ya ce rana mai zafi za ta ƙara busar da zaren. Sannan ya zauna da basilla da zare mai ƙarfi ya daje bakin yankan, ɗinki kusa da kusa, kada ƙullin gashin su zame. Ya ɗauko farin saƙi na hannunsa ya shimfiɗa mata a baya duka ya ɗinke, don nauyin mai zama ya sauka a kansa. Ni na riƙa murza masa zaren da kakin zuma. Da ya gama ya ce kada ta ƙara taɓa ƙasa sai za a zauna, a rataye ta a kan gora, nesa da randa.

Lambun ya koma mai katanga uku. Gefe guda a buɗe, ruwa da itatuwa sun ƙare a bakin ɗinki haka kawai. Na ce kash, an rage mata kyau. Inna ta ce, "Bar ta. Ta nan za shi shigo."

Ya shigo da hantsi, ana sussuka. Ga shi da wata doguwar rigar soja mai kauri cikin ranar nan, ga haƙoransa farare, ga fuskar da ta ɓace mini ta dawo ɗungum, har ta fi da kyau. Gida ya cika da guɗa. Na sauko da darduma na shimfiɗa a inuwa, ya dube ta ya yi dariya ya ce, "A'a, ta rame! Ko ita ma an kai ta yaƙi?" Ya zauna, ta ɗauke shi, ko ƙas ba ta ce ba. Na miƙa masa ƙwarya. Inna na can bakin ɗakinta ta juya gefe tana tsince wake, kamar ba ta san an yi baƙo ba, don haka uwa ke yi da ɗan fari.

Ya kurɓa, sai tari ya sarƙe shi. Ba mai ƙarfi ba ne, ɗan busasshe ne, amma ya daɗe bai sake shi ba. Ya ce ba komai, sanyin can ne ya biyo shi.

Inna ta ajiye faifai. Ta taso a gaban mutane duka, ita da ba ta taɓa ko haɗa ido da shi a fili ba, ta durƙusa a bayansa. Ta kama kafaɗunsa da hannu biyu, ta ɗan sunkuyar da shi a hankali, ta kara kunnenta. Ta saurara. Ta matsa ƙasa kaɗan, ta saurara. Ta koma ɗaya gefen. Ni kaɗai a tsakar gidan nan na san abin da take nema, kuma ina kallon fuskarta, ina jira ta ce, "Nan yana da rai." Ta bi bayan nan duka har ƙugu, ba ta ce ba.

Ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Inna, mi kike saurare?"

Ta ce, "Ba komi. Sha furarka."

Sai ta kira sunansa, a fili, har na bakin danga suka ji. Ta sake kira. Damina ɗaya ya yi da mu kafin tarin nan ya tafi da shi, kuma duk tsawonta ba ta ƙara ce masa mai tafiya ba.