Gwangwani Mai Hoton Gyaɗa

Da matsar man gyaɗa Inna ta raine mu a Wudil. Manoman Kausani ke kawo mata gyaɗa, ta soya, a niƙo, ta yi ta tuƙa a turmi har mai ya taso. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, ko kwalba ɗaya ba ta kwana.

Shekarar da na fara koyarwa a firamare, lokacin da kuɗin fetur ya cika ƙasa, ciwo ya faɗa wa gyaɗa a gonaki. Ta yi tsada, manoma da yawa kuma suka ajiye fartanya suka tafi birni leburanci. Sai ga wani mai ya shigo kasuwa cikin manyan gwangwanaye, garau da shi, da hoton gyaɗa a jiki. Masu ƙosai da masu waina suka koma masa saboda arha.

Wata rana Inna ta aro gwangwanin a wajen maƙwabciyarmu mai ƙosai. Ta shinshina, ta lasa, ta ce ita ba ta ji gyaɗa ba. Ta miƙo mini, ta ce, “Malam, karanta mini abin da suka rubuta.”

Turanci ne. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa tataccen manja ne haɗe da man waken suya. Gyaɗa dai sai a hoto.

Ta yafa mayafi ta bi gidajen masu sayen manta ɗaya bayan ɗaya tana gaya musu. Kowa ya saurare ta cikin mutunci. Maƙwabciyar ce ta faɗa mata gaskiya: “Yaya, na yarda da ke. Amma masu cin ƙosai ba sa tambaya.”

Ni kuma na kai wa dubagari gwangwanin. Ya juya shi, ya ce tunda ba guba ba ce, kuma daga Ikko ya zo, babu abin da zai iya.

Damina biyu Inna ta ƙara tana matsa, kwalabenta na jere a ɗaki har man ya fara wari. Daga nan ta daina, ta koma ƙulla gishiri da kanwa tana sayarwa a cikin gida.

Ranar sunan ɗiyata ta fari, da aka rasa man da zai ishi taro, Inna da kanta ta ce a sayo na gwangwanin. Ta zauna ta toya wainar tun safe, baƙi suna ta yabawa. Ita ko ɗaya ba ta kai baki ba. Cikin ƙannena mata uku babu wadda ta koyi sana'ar, Inna kuma har ta rasu ba ta taɓa cewa su koya ba.