Dattijon da Ke Karanta wa Karya Jarida

Tun hatsarin motar da na yi a hanyar garin Toledo, mako biyu bayan na gama digiri, ba na iya zama ni kaɗai a ɗaki. Shi ya sa nake zuwa gidan da ake ajiye karnukan da ba su da masu su, ina wanke kwanuka.

A keji na ƙarshe akwai wani dattijo da ban san sunansa ba. Yana zaune a ƙasa cikin koɗaɗɗiyar rigar sanyi, ya ba wata baƙar karya baya, yana karanta mata tallan taraktoci a jarida. Ba ya kallonta, ba ya miƙa mata hannu. Ta ciji mutum biyu, kuma in ba ta yarda an taɓa ta ba kafin Juma'a, allurar mutuwa za a yi mata.

"Baba, ko aurenta za ka yi ne?" in ji Darlene mai rabon abinci. "Kwana tara kana zance, ko kallo ba ka samu ba."

"Matata sai da ta ja ni shekara biyu," ya ce, bai ɗago kai ba. "Ke dai wuce, takalminki ya cika ƙara."

Ina jin manomi ne, kuma babu kowa a gidansa yanzu.

Karyar ta taso a hankali, ta ɗora hanci a kafaɗarsa. Wuyansa ya sandare, amma bai juyo ba. Yana ta karatunsa, layi ɗaya yake maimaitawa, sau uku ke nan.