'Yan Ahannu

Tarihi cike yake da jama'ar da suka ƙi sakin sarkinsu bayan an tuɓe shi, wasu da takobi, wasu da alƙalami. Namu, a wani ƙauye gefen Faskari, da takalmi suka yi nasu yaƙin.

Daminar da na shiga aji uku, ranar gayyar gonarmu, Inna ta dama fura, ta tuƙa tuwon dawa mai isar unguwa guda. Muka zauna gindin ɗorawa muna jiran jama'a har rana ta take tsaka. Tsofaffi ƙalilan ne suka zo, waɗanda tarinsu ya fi nomansu yawa. Da na tambayi dalili, wata maƙwabciya da ta zo tsintar rama ta amsa ba tare da ta ɗago ba: "Wa za ya yi ma 'yan ahannu gayya?"

Kalmar ba baƙuwata ba ce. A filin makaranta duk wanda aka kayar a langa ya ƙi yarda ya faɗi, ɗan ahannu ne. Malaminmu na Larabci har ya taɓa cewa yana jin ƙamshin Larabci a jikinta, zai binciko tushen. Ashe tushen yana ƙafar Baba. Al'adar garin ce mai wuce ƙofar dagaci ya tuɓe takalmi. Da aka tuɓe tsohon dagaci, kowa ya kwashe ladabinsa ya kai sabuwar ƙofa, sai wasu 'yan tsiraru da suka ci gaba da wuce tsohon zauren takalmi a hannu. Bakin gari ya haɗiye takalmin, ya bar "a hannu".

Da yamma Inna ta dubi tuwon da ya yi kwantai ta ce wa Baba, "Malam, ciyawa na cin dawa, kai kana ta ladabi. Ka tahi ka gaishe da sabon nan mana."

"Ai na gaishe shi. Takalmina ne bai saba ba."

"To takalmin naka shi zo shi yi noma."

Bai zo ba. Ciyawa ta ci rabin gonar, rumbunmu ya ƙare tun bazara, muka kai kaka da tafasa da kwaɗon zogale. Baba bai sauya ba, kuma har ya rasu bai faɗa wa kowa abin da tsohon dagacin ya taɓa yi masa ba. Amsar ta bi shi kabari.

Yanzu babura ke wuce ƙofar dagaci da gudu, yara kuwa ba su san kalmar ba. Nakan yi kewar zamanin da mutum zai zaɓi yunwa saboda girmamawa. Da na tambayi Inna ko tsohon ya taɓa yi wa Baba godiya, sai ta ce, "Ina za ya gan shi? Tun watan da aka tuɓe shi ya koma Funtuwa. Masara ake ajewa cikin gidan."